Ful da man riɗi: karin kumallon mutanen Kartum da Umdurman

Baƙon da ya shiga ofishi a Kartum da misalin ƙarfe goma na safe, a shekarun zaman lafiya, yakan tarar da kujeru wayam. Ba yajin aiki ake yi ba. Ma'aikata suna can a lungu sun shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur, sun kewaye kwano guda, kowa da gutsuren burodi a hannu. Lokacin fatur, wato karin kumallo, ne ya yi. Haka abin yake a makarantu da garejin makanikai da rumfunan kasuwar Umdurman, kuma duk wanda ya gifta sai an ce da shi ya matso ya sa hannu.

Mutanen Sudan sun raba kalacinsu gida biyu. Bayan sallar asuba shayi da madara kawai ake sha, a haɗa da zalabiya, ɗan ƙullun fulawa da ake soyawa a barbaɗa masa sukari, ko gargosh, wato busasshen burodin da ake tsomawa a shayi. Wannan na tayar da ciki ne. Ainihin karin kumallo sai da walaha, tsakanin ƙarfe tara da rabi zuwa sha ɗaya, kuma abinci ne mai nauyi da zai riƙe mutum har kusan la'asar, lokacin da iyali ke haɗuwa cin na rana. A ƙasar da zafi kan haura digiri 40 a watan Mayu, tsarin yana da hikima: a yi aiki da sanyin safiya ciki ba nauyi, a ci idan rana ta ɗaga.

Sarkin faranti shi ne ful. Wake ne babba, mai faɗi, mai kaurin ɓawo, wanda ake nomawa da sanyin hunturu a gaɓar kogin Nilu can arewa. Na yankin Sulaim da ke kusa da Dongola ya fi suna. Taurinsa ya sa ba a dafa shi da gaggawa. Ana jiƙa shi wuni guda, a zuba a gidira, tukunyar ƙarfe mai faɗin ciki da tsukakken baki, a ɗora a kan wuta kaɗan ya kwana yana nuna. Tsukin bakin ne ke hana tururi gudu, shi ya sa ruwan ke yin kauri, ya koma ja-ja.

A nan akwai abin lura. Yawancin gidaje ba sa wahalar da kansu da wannan dahuwa kullum. Kusan kowane kanti na unguwa yana da gidirarsa a bakin ƙofa, sai a aiki yaro da kwano ya sayo ludayi biyu ko uku. Aikin uwargida yana farawa ne bayan kwanon ya shigo gida, wato gyaran ful, kuma a nan hannu ke bambanta da hannu. Za ta daddaka waken sama-sama, galibi da gindin kwalbar lemo da aka wanke aka keɓe don haka. Ba a so ya zama tuwo, ana so a riƙa cin karo da ƙwayar wake. Sai gishiri da garin shamar mai ƙamshi, yankakken tumatir da albasa, a marmasa farin cuku mai gishiri, wanda garin Duwaim na bakin Farin Nilu ya shahara da shi. Mai hali ya ƙara dafaffen ƙwai da ganyen jirjir. A ƙarshe a kwarara man riɗi, ba ɗigawa ba, har sai ya taru a gefen kwano. Sudan na cikin manyan masu noman riɗi a duniya, musamman yankin Gadarif, kuma har yanzu akwai masu tatsar mansa a turmin itace da raƙumi ke juyawa. A ganina man riɗin nan shi ne rabin girkin. Wanda ya sa man gyaɗa a madadinsa zai ƙoshi, amma bai ci ful ba.

Ruwan waken ma ba a zubarwa. A gutsuttsura burodi a babban kwano, a kwarara masa ruwan ful mai zafi, a sa mai da cuku da albasa, wani lokaci da ɗan kindirmo, a cakuɗa. Sunansa bosh, abincin ɗalibai da leburori da duk wanda aljihunsa ya yi sanyi kafin ƙarshen wata.

Kusa da ful akan ajiye ta'amiya, ƙosan Sudan. Masarawa da waken ful suke yin tasu, su kuwa mutanen Kartum da kabkabe suke yi, waken nan mai kama da gurjiya ƙanana, a markaɗa shi da tafarnuwa da albasa da ganyen shabat. Akwai kuma salatar dakwa: tumatir da albasa a cakuɗa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, lemon tsami da ɗan ruwa. Minti biyar ta isa a haɗa ta. Barkono kuwa gefe ake ajiye shi a ɗan ƙaramin kwano, an kwaɓa da lemon tsami, kowa ya ɗiba daidai ƙarfinsa.

Ranar Juma'a, da yake hutu ce, tukunya takan koma ga dawa. A yi asida, tuwon ƙullun dawa mai ɗan tsami, da miyar tagaliya ta busasshen nama da soyayyiyar albasa da garin busasshiyar kuɓewa da suke kira weka. Ko a yi kisra. Ƙullun kisra kwana yake yi ya yi tsami, da safe mace ta zauna gaban faffaɗan ƙarfe mai zafi, ta goge shi da tsumma mai maiƙo, ta zuba ludayi guda, ta baje shi da ɗan guntun kaba da suke kira gargariba. Kafin ka ƙifta ido gefen ya ɗago, ta ɓamɓare ta ɗora a kan 'yan uwansa, siriri har kana iya hango hasken rana ta cikinsa. Mutanen arewa su kuma gurasa suka fi so, mai kauri ta alkama, 'yar uwar wadda aka sani a Kano.

Kisra aiki ce mai cin lokaci da gawayi, shi ya sa birni ya karkata ga burodi, alhali mafi yawan alkamar daga waje ake sayo ta. Wannan sauyi ya ɗaure karin kumallon talaka da farashin dala. A watan Disamban 2018 aka ninka kuɗin burodi sau uku a Atbara, daga fam ɗaya zuwa uku, zanga-zanga ta ɓarke ta bazu har Kartum, kuma a ranar 11 ga Afrilun 2019 mulkin Umar al-Bashir ya faɗi. A zaman dirshan da aka yi gaban hedikwatar soja, mata masu sayar da shayi da abinci suna cikin waɗanda suka ciyar da jama'a, har da jagorarsu Awadiya Mahmud Koko, wadda Amurka ta karrama a 2016. Da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023, gidajen burodi da kantuna da yawa suka rufe. Matasan unguwanni suka kafa takaya, ɗakunan girki na taimakon juna, inda ake dafa ful ko adas, wani ɗan ƙaramin wake, a manyan tukwane, mutane su jera kwanuka tun da sassafe. Ga dubban iyalai a Umdurman da maƙwabciyarta Bahri, ludayin nan shi ne abincin yini.

Hausawan Sudan, zuriyar mahajjata da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, su ma sun zuba nasu a farantin ƙasar. Agashe, naman da ake gasawa da garin gyaɗa da yaji, ta hannunsu ya shiga Kartum.

Mai son gwadawa a gida zai iya samun ful na gwangwani a manyan shagunan Kano da Abuja. A ɗumama shi da ruwansa, kuma a ɗanɗana kafin a sa gishiri, domin cukun ma da nasa. Sai dai a yi hattara: wasu mutane, galibi maza, ana haihuwarsu da ƙarancin sinadarin G6PD a jini, kuma wannan wake yana iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini. Idan bayan an ci aka ga idon yaro ya yi ɗorawa, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko ya yi laushi, a garzaya asibiti. Wanda ya san yana da matsalar ya yi amfani da farin wakenmu: a jiƙa da dare, a dafa ya yi luguf da ɗan ruwa a jikinsa, sannan a gyara shi da tumatir, albasa, lemon tsami da man riɗi.