Kaka Ta Zama Lokacin Zullumi A Bakin Kogi

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta, in aka ce kaka ta yi, to, wahalar shekara ta kusa ƙarewa ke nan. Gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai, ana cirar gyaɗa, 'yan kasuwa sun fara zaga ƙauyuka da buhuna. A lokacin ne ake biyan bashin da aka ci da bazara, a ɗaura aure, 'yan dambe su fita yawon garuruwa. Amma daga 2012 zuwa 2024 sau uku Nijeriya tana ganin gagarumar ambaliya, kuma dukansu sun fi yin ɓarna ne cikin watannin Satumba da Oktoba, daidai sa'ad da manomi ke wasa laujensa.

Tun kafin zuwan Turawa malamanmu suna da nasu lissafin. Sun kasa shekara cikin taurari 28, kowane yana kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14. Damina tana da bakwai, kaka ma bakwai, Sarfa ce ke buɗe ta. Tsofaffi kuma suna da alamunsu. In shamuwa ta yi ƙaura, gawo ya soma toho, raɓa ta yi nauyi da asuba, sai su ce ruwa ya yi sallama. Wannan ilmi ba abin rainawa ba ne, da shi kakanninmu suka ciyar da birane. Iyakarsa dai ita ce sararin da ke bisa garin mutum. Ba zai gaya wa mai shinkafa a fadamar Ibi ko ta Agatu yawan ruwan da ya sauka a duwatsun Kamaru makonni biyu da suka wuce ba, alhali kuwa wannan ruwan ne ke tafe gonarsa.

Ga yadda masana ke bayanin al'amarin. Iska biyu ke ja-in-ja a kan ƙasar nan, ɗaya mai laima daga tekun Atlantika, ɗaya busasshiya daga Sahara, wadda muke kira hunturu. Mahaɗarsu takan yi ta hawa arewa har cikin Agusta, sa'an nan ta juyo kudu. Wajen juyowar ne ake samun hadarin nan mai tsawa da iska, wanda ke kwantar da dawa ya yaye rufin makarantu. Kafin lokacin kuwa ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwan marka, saboda haka duk ɗigon da ya sauka sai ya zarce rafi, daga rafi sai kogi. Binuwai ta kwaso na Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala, Kwara ta kwaso na Rima da Kaduna, madatsun Kainji da Jebba da Shiroro su cika, tilas a buɗe su, duka kuma su haɗu a Lakwaja. Shi ya sa gari kan iya yin kwanaki bai ga hadari ba, mutane su kwanta lafiya, su farka ruwa na cikin ɗaki.

An Faɗa Tun Da Wuri

Hukumomi biyu ke da alhakin hango wannan. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, takan fitar da hasashenta a farkon kowace shekara, inda take nuna lokacin da ake sa ran saukar damina a kowace jiha, da lokacin ɗaukewarta, da yawan ruwan da za a samu. Hukumar da ke auna koguna, wato NIHSA, takan biyo baya da jerin wuraren da ambaliya za ta iya ci.

A 2012 ruwa ya kai tsawon mita 12.84 a ma'aunin Lakwaja. Mutane 363 suka rasu, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu, hanyar Abuja zuwa Lakwaja ta yanke. Kowa ya ce an ɗauki darasi.

Bayan shekara goma, cikin watan Mayu na 2022, NIHSA ta bayyana cewa ƙananan hukumomi 233 a jihohi 32 da Birnin Tarayya suna cikin babban haɗari. Cikin Satumba Hukumar Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta sanar da cewa Kamaru ta fara sakin ruwan madatsar Lagdo tun ran 13 ga watan, har ta lissafa jihohin da ke kan hanyarsa. Kafin Oktoba ta raba tsakiya ruwa ya haura mita 13 a Lakwaja. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Koton Karfe, man fetur ya yi wuya a Abuja. Ran 7 ga Oktoba wani jirgin ruwa ya kife a Ogbaru ta Jihar Anambra da mutanen da ruwa ya riga ya raba da hanyar mota, aka ba da rahoton rasuwar 76. Bayelsa kuwa ta zama tsibiri, babu shiga babu fita sai ta kwalekwale. Da gwamnati ta yi ƙidaya, mamata sun wuce 600, waɗanda suka rasa matsuguni sun wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, gonakin da suka lalace ƙurmus sun fi hekta 300,000.

Wata biyar ke tsakanin gargaɗin farko da wannan asara. Wata biyar ya isa a yashe magudana, a keɓe makarantun da za a sauke mutane, a kai hatsi da magani kusa.

Da abin ya faru sai aka shiga neman wanda za a ɗora wa laifi, Lagdo ce kuma ta fi kusa da hannu. An gama wannan madatsa a 1982 a kan Binuwai, kudu da Garwa. An daɗe ana cewa Nijeriya za ta gina tata a Dasin Hausa, cikin Jihar Adamawa, domin ta tare abin da aka sako, amma har ambaliyar 2024 ta zo ta wuce ba a gina ba. Sai dai Ministan Albarkatun Ruwa na wancan lokaci, Injiniya Sulaiman Adamu, ya shaida wa Majalisar Dattawa cewa rabon Lagdo cikin ambaliyar 2022 ƙanƙane ne, mafi yawan ruwan a cikin ƙasarmu ya sauka. Ko mai karatu ya yarda da shi ko bai yarda ba, Jigawa dai ba ta kan hanyar Binuwai, ga shi kuwa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki a shekarar.

Shekarar Da Sahara Ta Jiƙa

Ta 2024 ta zo da wani salo dabam. Mahaɗar iskar nan da muka ambata ta zarce arewa fiye da yadda ta saba. Ruwa ya sauka a Agadas, ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Damagaram a farkon Satumba, har gwamnatin Nijar ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A Cadi mutane fiye da 500 suka rasu. Can kudancin Maroko ma wani tafki da ya yi kimanin shekara 50 a bushe ya cika. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984, ya ga shanu suna faɗuwa a bakin rijiya, da wuya ya yarda cewa ƙasar ɗaya ce. Wata ƙungiyar masana ta duniya da ta binciki ruwan 2022 a yankin tafkin Cadi ta ce ɗumamar duniya ta riɓanya yiwuwar irinsa kamar sau 80.

A daren 9 ga Satumba, wayewar garin 10, madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri mutane suna barci. Ya ci Kasuwar Litinin, ya shiga fadar Shehu da Asibitin Koyarwa, ya kashe yawancin dabbobin gidan namun daji na Sanda Kyarimi, fursunoni fiye da 270 suka tsere da katangar kurkuku ta faɗi. Rabon garin da irin wannan tun 1994, kuma a wancan karon ma daga Alau ne. A nan ba za a ce masu hasashe sun gaza ba. Aikinsu shi ne su ce ruwa zai yi yawa. Duba lafiyar madatsa aikin wasu ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, me ke hana gargaɗi amfani? A ganina, babban abu shi ne yadda ake yinsa. A tara manya a wani zaure a Abuja, a ƙaddamar da littafi, 'yan jarida mu ɗauki hoto, a watse. NiMet tana fassara hasashenta cikin Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka, wannan kuwa abin yabo ne, amma daga shafin intanet zuwa kunnen dagaci akwai tafiya mai nisa, malaman gonar da za su yi jigilar maganar kuma sun yi ƙaranci ƙwarai. Bugu da ƙari, in aka ce ƙaramar hukuma kaza tana cikin haɗari, mai unguwa bai san ko unguwarsa ake nufi ba, bai kuma san makon ba. Sa'an nan ga kalmar nan da ake maimaitawa kowace shekara, wai jama'a su koma kan tudu. Tudun wa? Wa zai ba su wurin kwana, wa zai tsare musu awaki? Tun 1981 aka kafa asusun kare muhalli, jihohi da ƙananan hukumomi suna karɓar rabonsu daga ciki, saboda haka suna da amsar da za su bayar a nan.

Shi kuwa manomin fadama, ba taurin kai ke zaunar da shi ba. Ya ci bashin taki, shinkafa saura mako biyu ta nuna, sai a ce masa ya tashi. In ya yanke ta ɗanya ya yi asarar rabi, in ya jira yana iya rasa duka. Abin da zai raba masa gardama shi ne a gaya masa a rediyo, da harshensa, cewa kogi ya kai kaza a Makurdi jiya, zai iso wajensa cikin kwana kaza. Ma'aunan suna nan a Yola da Makurdi da Lakwaja, ana kuma karanta su. A kakar 2022 manoma da yawa a Anambra da Bayelsa sun tone rogonsu da doyarsu tun ba su ƙosa ba, suka loda a kwalekwale, suka sayar a kan abin da ya samu.