Kurajen Jariri: Kafin a Shafa, a Fara Dubawa

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Bichi, Tsanyawa da Kunchi, idan kuraje suka feso wa jariri, kafin faɗuwar rana an raɗa musu suna uku ko huɗu. Kaka ta ce zafi ne, abokiyar zama ta ce haƙori ne, maƙwabciya ta ce nonon uwar ne, maigida kuwa ya hau babur ya nufi kemis a ba shi man kuraje. Wani cikinsu yana iya dacewa, amma dace ne kawai. Kurji ba cuta ɗaya ba ne. Abin da ke fito da shi ya kama daga gumi, wanda ba ya buƙatar maganin ko sisi, har zuwa ƙyanda da sanƙarau masu kai yaro kushewa. Kuma bayanan da ake gane dalilin da su, yawancinsu suna wurin uwar da ke kwana da yaron tana tashi da shi, ba wurin mai kemis da bai ga yaron ba.

Abin da za ku fara dubawa ba fatar ba ce, yaron ne. Jaririn da ke kama nono da ƙarfi, yana barcinsa, yana wasansa, jikinsa ba zafi, akwai sararin a zuba masa ido kwana biyu ko uku. Amma idan kurajen sun zo da zazzaɓi, ko ƙin nono, ko amai da duk abin da ya sha, ko jijjiga, ko numfashi sama-sama, ko maɗiga ta kumbura, ko ya yi laushi ana tashinsa da ƙyar, to ba zancen kuraje ake ba kuma. A ɗauke shi zuwa asibiti a ranar, ko da dare ne. Wanda bai cika wata 2 ba kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa dalili, haka ma idan jikinsa ya yi sanyi ƙalau.

Idan za a duba fatar, a fito da yaron hasken rana a tsakar gida, a tuɓe shi gaba ɗaya. Hasken tocila a ɗaki yana ruɗi. Littattafan likitanci da yawa suna cewa kurji ja ne, domin da farar fata aka siffanta shi. A fatarmu sau da yawa duhu yake yi, ko toka-toka, wani ma ba a ganinsa sai an shafa hannu an ji gurzarsa. A duba tafin hannu, tafin ƙafa, bayan kunne, hammata, matsematsi da cikin baki, domin inda kurji ya zauna yana faɗin asalinsa fiye da kamanninsa.

A makonnin farko bayan haihuwa akwai kurajen da ba cuta ba ne. Wasu ƙananan farare ne a kan hanci da kumatu. Wasu suna fitowa daga kwana na 2 zuwa na 5, yau a ƙirji gobe a cinya, su ɓace da kansu cikin mako ɗaya ko biyu. Akwai kuma masu ɗan ruwa da ake haihuwar jariri da su, waɗanda aka fi gani ga baƙar fata. Suna fashewa su bar ɗigon tabo mai duhu da ke gogewa a hankali cikin watanni. Duk waɗannan ba a matsa su, ba a shafa musu komai. Abin tsoro a wannan lokaci shi ne cibiya: idan fatar da ke kewaye da ita ta kumbura, ko tana ruwa da wari, ko kuraje masu mugunya suka yi yawa a jiki, ƙwayar cuta ce ta shiga, kuma a jikin sabon haihuwa ba ta da wuyar kaiwa ga jini.

Kurajen zafi su ne suka fi kowanne yawa, kuma a nan al'adarmu ta jego tana da hannu. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Kano kan haura digiri 40, ga rufin kwano, ga tukunyar ruwan wanka a kan murhu safe da yamma, wani gidan har da garwashi a ɗakin mai jego. A cikin wannan ɗaki ne ake sa wa jariri hula da safa da rigar sanyi, a naɗe shi da zani, a lulluɓa da tawul, don tsoron kada sanyi ya kama shi. Tsoron yana da tushe: sabon haihuwa, musamman bakwaini ko mai ƙaramin jiki, yana saurin yin sanyi, kuma da hunturu wannan naɗi shi ne daidai. Amma abin da ya dace da Janairu bai dace da Afrilu ba. Hanyoyin gumin jariri ƙanana ne. Idan suka toshe, gumin ya maƙale a ƙarƙashin fata, sai ƙananan kuraje su fito birjik a wuya, goshi, ƙirji, baya, da duk inda fatarsa ke manne da bayan uwa lokacin goyo. Gwajin mai sauƙi ne. A rage masa kaya zuwa riga ɗaya ta auduga, a yi masa wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, a bar shi ya sha iska a inuwa, a dakatar da man shafawa mai kauri. Idan zafi ne, cikin kwana 2 zuwa 3 za ku ga sun kwanta. Hodar da ake zazzaga wa yara ba ta buɗe hanyar gumi. Dunƙulewa take yi a wuya, ƙurarta kuma tana shiga huhu.

Wanda aka fi ruɗewa a kansa shi ne ƙazwa. Ba ƙazanta ce ke kawo ta ba, ba kuma daga jini take ba. Wata ƙaramar halitta ce da ido ba ya iya gani sosai. Macen tana haƙa rami a saman fata tana zuba ƙwai. Daga fata zuwa fata take tafiya, don haka gidan da yara biyar ke kwana a tabarma ɗaya, ana goyon jariri daga bayan uwa zuwa bayan yaya zuwa bayan goggo, ya zama mata gidan zama. Ga babba tana kama tsakanin yatsu, wuyan hannu da ƙugu. Ga jariri kuwa tana kama tafin hannu da tafin ƙafa, hammata, har kai da fuska, wani lokaci da ƙananan ƙuraje masu ruwa. Jariri bai iya susa ba, sai dai ya yi ta goga ƙafa da ƙafa, ya hana kowa barci, domin da dare ƙaiƙayin ke tsananta. Tambayar da ke warware zancen ita ce: wa ke susa a gidan? Idan uwa tana susa, ko wani yayansa da ya dawo daga makarantar kwana ko ta allo, to kusan an gano bakin zaren. A tuna kuma cewa wanda ya fara kamuwa yakan yi mako 4 zuwa 6 kafin ya ji ƙaiƙayi, kenan akwai masu ɗauke da ita a gidan da ba su sani ba tukuna.

Shi ya sa maganin jariri shi kaɗai asarar kuɗi ce. Gida ake yi wa magani, kowa da kowa a dare ɗaya. Man da aka fi amfani da shi shi ne Permethrin, ga wanda ya cika wata 2, a shafe jiki duka a kwana da shi, a maimaita bayan mako guda. Wanda bai kai haka ba ma'aikacin lafiya kan ba da man farar wuta. Farin ruwan maganin ƙazwa da ake sayarwa a kemis yana da zafi a fatar jariri, ba a shafa masa sai da umarnin ma'aikacin lafiya. Tufafi da shimfiɗa a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure a leda a ajiye mako guda, domin halittar ba ta wuce kwana 2 ko 3 ba tare da jikin mutum ba. Ƙaiƙayin yana iya ci gaba har makonni bayan ta mutu, wannan ba ya nufin maganin bai ci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙazwa cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi tun 2017, kuma ba don susar kaɗai ba: wurin da aka sosa yakan zama miki mai ɓawo launin zuma, irin ƙwayar cutar da ke shiga nan kuma tana iya taɓa ƙoda. Yaron da ya yi irin wannan miki, daga baya fuskarsa ta kumbura fitsarinsa ya yi duhu, asibiti yake buƙata.

Kurajen da suka tsaya a ɗuwawu kawai, daidai inda famfas ko nafkin ke rufewa, fitsari da kashi ne suka daɗe a fata. Famfas ya yi tsada, ana ja masa rai ya wuni ya kwana, shi kuma leda ne a rana. Yaron da ake bari ba wando a kan zani ba kasafai yake samun wannan ba, kuma maganin ke nan: iska, wanki da ruwa zalla, a tsane, a shafa basilin. Idan kuwa abin ya shiga can cikin matsematsi, yana sheƙi, da 'yan ƙuraje a gefe, ga kuma fari-fari a harshe da ba ya gogewa, to naman gwari ne, yana da nasa man daban.

Lokacin shekara ma shaida ne. Da hunturu fata kan bushe ta yi kaushi a kumatu, gwiwa da gwiwar hannu. Idan abin yana tafiya yana dawowa, kuma a dangi akwai masu asma ko yawan atishawa, gado ne, ba ya yaɗuwa, kuma man kaɗe ko basilin bayan wanka sun fi masa kowane sabulu mai ƙamshi. Da damina cizon sauro ne a wuraren da riga ba ta rufe ba. Cizon da ya jeru a layi a baya ko ciki kuwa, a ɗaga katifa a nemi kuɗin cizo. Da kaka, yaron da aka goya wurin sussuka da sheƙa yana shan ƙaiƙayin gero da dawa. Sannan a tambayi kai: me aka sabunta a makon nan? Sabulu, turare, omo, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a ruwan wanka, wanda shi kansa yana ƙona fatar jarirai da yawa.

Sai masu zuwa da zazzaɓi. Ƙyanda, wato baƙon dauro, tana da tsarinta da ba ta cika saɓawa ba: zazzaɓi mai zafi, tari, majina da jan ido na kwana 3 ko 4, sannan kuraje su fara daga bayan kunne da fuska su gangara jiki. Da rani ta fi yawo. Cikin mutum 10 da ba su da rigakafi da suka zauna da mai ita, kusan 9 kan kamu, kuma yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin kurajen su bayyana. Ana yawan ɓoye mai ƙyanda a ɗaki, a hana shi wanka, a jira ta gama fitowa. Abin da ake mantawa shi ne ba kurajen ne ke kisa ba. Ciwon huhu da gudawa ne, ga makanta da kan biyo baya. A asibiti ana ba shi bitamin A don kare ido da rage haɗari, kuma kada a ɗiga masa komai na gida a ido. Allurar rigakafin ƙyanda ta farko a wata 9 ake yi, rana ɗaya da ta shawara da ta sanƙarau, ta biyu kuma a wata 15, wadda iyaye da yawa ke mantawa da ita don ganin yaro ya fara tafiya.

Ƙarambau kurajensa masu ruwa ne, suna fitowa kashi-kashi, wasu sababbi wasu sun yi ɓawo. Yawanci yana wucewa, sai dai ba a ba mai shi asfirin, kuma idan ya kama uwa dab da haihuwa ko jim kaɗan bayanta, a kai jaririn a duba shi. Kurjin da ba ya jira shi ne ɗigon jini a ƙarƙashin fata. A danna gindin kofin gilashi a kai: kurjin yau da kullum yana dusashewa, wannan ba ya dusashewa, kuma an fi ganinsa a tafin hannu, tafin ƙafa da cikin fatar ido. Tare da zazzaɓi, alama ce ta irin ƙwayar cutar sanƙarau a jini. Dattawan Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya ya kashe sama da 11,000. Jariri ba lallai wuyansa ya sanƙare ba, kada a jira hakan.

Magani ma yana fito da kuraje. Idan sun biyo bayan Septrin, ko wani maganin ruwa, ko ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin damina da ake rabawa gida-gida, a dakata a sanar da ma'aikacin lafiya. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma idan leɓe da ido suka fara saɓulewa, na gaggawa ne. Yaron da aka yaye, ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja, fatarsa tana ɓarewa, tamowa ce, ba man shafawa zai yi masa ba.

Man kurajen da maigida ya je saye fa? Yawancin abin da ake miƙowa irin Funbact-A ne da Skineal da 'yan uwansu, masu haɗin magani uku a bututu ɗaya. Ɗaya daga cikin ukun sinadari ne mai ƙarfi da ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayi ko mene ne dalilinsu, shi ya sa ake yaba su: a shafa yau, gobe fata ta yi sumul. Amma ƙazwa tana nan tana zuba ƙwai, makero yana nan yana faɗaɗa, sai dai kamanninsu sun sauya har ma'aikacin lafiya ya kasa gane su. Fatar jariri siririya ce, tana tsotse sinadarin zuwa jini, musamman a ƙarƙashin famfas. Idan aka daɗe ana shafawa, fata kan yi fari ta yi laushi, fuska ta kumbura, girma ya tsaya. Masu zuba shi a man shafawar yaro don ya yi haske, a ganina, suna sayen cuta da kuɗinsu ne.

Idan za a je asibiti, a tafi da bututun da duk abin da aka shafa ko aka sha, da katin rigakafi, kuma kada a lafta hoda ko mai a ranar. In akwai waya mai hoto, a ɗauki kurajen tun ranar farko, domin kafin a samu abin hawa sun sauya. Ƙaramin asibitin mazaɓa yana iya maganin mafi yawansu. Wanda ya fi ƙarfinsa akan tura shi babban asibitin Dambatta ko na Bichi, daga nan zuwa Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Malam Aminu Kano a cikin birni, inda ake da likitocin yara da na fata.