Masu Sha'awar Mota Ba Su Ne Annobar Titunan Kano Ba

Da zarar hatsari ya auku a Kano, matasa masu sha'awar mota ake fara ɗora wa laifi. Ba na goyon bayan gangancin wasan mota a wajen biki. KAROTA ta kama mai yinsa. Sai dai mai ƙaunar mota na gaskiya ya fi kowa kula da birki da taya. Mai bin titunan Bompai, Sharada da Challawa ya san ramuka, ya san tirelolin da ake jibgewa bakin hanya babu fitila da dare. Mahaya dawaki suna da Filin Sukuwa a Nassarawa. A ware wa matasan nan nasu filin mai ƙa'idoji, sannan a hukunta wanda ya mayar da titi fagen tsere.