Kumburin Ciki da Kukan Dare ga Jaririn da Aka Mayar Kan Madarar Gwangwani

Gabatarwa

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har ya cika wata shida. To amma ba kowane jariri ne ke samun wannan gata ba. Wani mahaifiyarsa ta rasu wurin haihuwa, wani ciwo ya kwantar da ita, wata uwar kuwa hutun haihuwa ya ƙare ta koma aiki ko makaranta. A irin wannan hali akan koma ga madarar gwangwani wadda aka haɗa musamman domin jarirai. Sau da yawa ba a daɗe da yin wannan canji sai barci ya ƙaurace wa gida. Da magariba ta yi, jariri ya shiga tsala kuka, yana naɗe ƙafafu yana banƙarewa, cikinsa ya yi tam kamar ganga, ba ya lafawa sai ya yi gyatsa ko tusa. Wasu iyaye sukan ce iska ce ta taɓa shi. Iskar ce kuwa, amma ta cikin tumbi da hanji, kuma ilimin halitta ya san hanyoyi biyu da take bi ta taru: wadda aka haɗiya ta baki, da wadda aka samar a cikin hanji.

Bambancin Abincin Biyu

Yawancin madarar jarirai daga nonon saniya ake yin ta. Duk wanda ya ga yadda ake cuku ya san nono yakan rabu biyu, wato ɓangaren da ya daskare da kuma ruwan da ya tsatso. Furotin mai daskarewar shi ake kira kasin. A nonon saniya ya kai kimanin kashi 80 cikin 100 na furotin, a nonon mace kuwa kimanin kashi 40. Masu haɗa madara sukan gyara wannan lissafi don ya kusanci na uwa, duk da haka madarar takan fi nono daɗewa a tumbi kafin ta gangara hanji.

Haka kuma nonon uwa yana tafe da wani sinadari nasa mai taimakawa wajen narkar da maiƙo, wanda babu shi a gwangwani. Maiƙon da jiki bai tsotse ba yakan haɗu da kalsiyam ya yi tauri, shi ya sa kashin jaririn yakan canza launi da wari, ya ƙara ƙarfi, har a ga yana nishi kafin ya fito.

Iskar da Ake Haɗiya

Bakin jariri yakan kama nonon uwa ya rufe ruf, kuma shi ne ke sarrafa gudun abin da yake sha. Fida kuwa dabam take. In hudar bakinta ta yi faɗi, madara takan kwararo ya dinga haɗiya cikin gaggawa, iska tana bi. In ta yi ƙanƙanta, sai ya yi ta zuƙa da ƙarfi, nan ma iska ta shiga ta gefen baki. In an girgiza fidar da ƙarfi aka ba shi nan take, kumfar da ta taso ita ma iska ce. Tumbin jariri ɗan wata guda bai wuce ya ɗauki mililita 80 zuwa 150 ba, saboda haka ƴar iska kaɗan ta isa ta cika shi.

Iskar da Ake Samarwa a Hanji

A shekarar 1899 wani likita Bafaranshe mai suna Henri Tissier, a Cibiyar Pasteur da ke Faris, ya gano wata bakteriya a kashin jarirai masu shan nonon uwa, wadda a yau ake kira Bifidobakteriya. Daga baya aka gane cewa nonon uwa yana ɗauke da wasu nau'o'in sukari fiye da 100 waɗanda jariri ba ya narkar da su, aikinsu shi ne ciyar da wannan bakteriya mai amfani har ta mamaye hanji. Idan aka canza abinci, sai wasu ire-iren bakteriya su sami wurin yaɗuwa. Duk sukarin madara, wato laktos, da ya tsere wa narkewa a ƙaramin hanji ya isa babban hanji, sai su yi masa abin da yisti ke yi wa ƙullin waina da ya kwana: su ruɓar da shi, iskar haidirojin da ta kabon dayokzaid su taso. Wannan ba cuta ba ce, hanji ne ke sabawa da sabon abinci, kuma yakan daidaita da kansa.

Me Ya Sa Sai da Dare?

Dalili na farko shi ne kwanciya. Idan jariri yana tsaye a kafaɗa, iska takan taso saman tumbi inda ƙofar bututun abinci take, ta fita da gyatsa. Idan aka kwantar da shi bai yi gyatsa ba, madara ce ke rufe ƙofar, sai iskar ta bi ta hanji tana murɗa shi. Shayarwar dare kuwa cikin magagi ake yin ta, ita ce aka fi mantawa da gyatsa a bayanta.

Dalili na biyu shi ne kukan yamma ɗabi'a ce ta jarirai, har da masu shan nono. Yakan yi tsanani wajen mako na shida, ya ja baya tsakanin wata uku zuwa huɗu. A shekarar 1954 likitan yara Morris Wessel na Amurka ya kafa ma'aunin kukan da ya wuce kima: fiye da awa uku a rana, fiye da kwana uku a mako, har tsawon mako uku. Shi kansa kukan yana sa haɗiyar iska, iskar kuma ta ƙara kukan.

Dalili na uku ya shafi agogon jiki. Nonon da uwa ke samarwa da dare yana ɗauke da melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki lokacin barci, alhali jariri ba ya daidaita nasa sai wajen wata uku. Madarar gwangwani kuwa ɗaya take dare da rana.

Abin da Ke Kawo Sauƙi

In uwa tana da sauran nono, a yi canjin sannu a hankali, a maye gurbin shayarwa ɗaya, a dakata kwanaki, sannan a ƙara. Wannan yana ba hanji lokaci, yana kuma hana nonon uwar cika ya yi ciwo.

Garin madara bai tsira daga ƙwayoyin cuta ba, don haka ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ta ce a dama shi da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce. A fara zuba ruwa, a biyo da garin gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwani, a bar kumfa ta kwanta. Ƙara gari ko zuba koko yana taurara kashi ya wahalar da ƙoda. Tsinka madara da ruwa saboda tsada kuwa ƙofar tamowa ce. Madarar shayi ba ta jarirai ba ce. Wadda aka dama ta kai awa biyu a zubar da ita.

Jariri yana buƙatar kimanin mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a kwana guda. Mai kilo 4 ke nan zai sha 600, in an raba takwas ya zama 75 kowane karo. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi cika ciki lokaci ɗaya. A riƙe shi kansa a sama, bakin fida cike da madara, kada a faɗaɗa hudar da allura, kada kuma a jingina masa fida a tafi. Inda wanke fida ke da wuya, ƙaramin kofi ya fi tsabta. A sa shi gyatsa a tsakiyar sha da ƙarshensa, a riƙe shi a kafaɗa na ɗan lokaci. Goyo, da shafa ciki a hankali, da motsa ƙafafunsa kamar mai tuƙa keke, duk suna taimaka wa iska ta fita. Barci kuwa a rigingine zai yi shi, domin kwanciyar rub da ciki tana da alaƙa da mutuwar farat ɗaya ta jarirai.

A guji dauri da jiƙo da kanwa. Zuma ma ba a ba yaron da bai shekara ba, saboda tana iya ɗaukar ƙwayar cutar da ke shanye jiki. Kome zafin kuka, kada a jijjiga jariri da ƙarfi, domin jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa suna iya fashewa.

Alamomin Haɗari

Kimanin jarirai 2 zuwa 3 cikin 100 jikinsu ba ya karɓar furotin na nonon saniya, sukan yi ƙuraje, da amai, da gudawa ko jini a kashi. Likita ne kaɗai zai tabbatar da haka ya zaɓi madarar da ta dace. A garzaya asibiti idan aka ga koren amai, ko jini a kashi, ko ciki ya kumbura ya yi tauri bai sassauta ba, ko zafin jiki ya kai digiri 38 ga wanda bai kai wata uku ba, ko ƙin sha, ko raguwar fitsari, ko rama.

Kammalawa

Jaririn da ke sha da kyau, yana fitsari, nauyinsa yana ƙaruwa, kukan darensa mai wucewa ne. Maganinsa yana cikin yadda ake dama madara, da yadda ake riƙe shi, da haƙurin jiran gyatsa. Yawan sauya gwangwani ba tare da shawarar likita ba mayar da hanji baya yake yi, ya sake koyon sabo daga farko. Ɗalibin da ya fahimci wannan bayani zai iya zama sanadin samun barci a gidansu, ya kuma san daren da ya kamata a nufi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba.