Shin Ko Kun San? Kuɗi, Daga Wurin Tasawa Zuwa Sefar Dakar

Shin ko kun san cewa lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya sauka a Tasawa cikin Janairun 1851, wuri ne kuɗin kasuwa? Ana ƙirga shi biyar-biyar a ƙasa, kuma a Kano wuri 2,500 ke sayen dalar azurfa ɗaya. Asalinsa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi. Da fataken Turawa suka fara jibgo wani iri mai araha daga Zanzibar, sai ya yi yawa, darajarsa ta zube, har ɗaukarsa zuwa kasuwa mai nisa ya koma asara. Ɗalibin da ke neman misalin yadda yawan kuɗi ke haifar da hauhawar farashi, ga shi nan a tarihin Tasawa.

Shin ko kun san an ƙirƙiro sefa ran 26 ga Disamban 1945, Nijar tana hannun Faransa? Yau ƙasashe takwas ke cin kasuwa da ita a Afirka ta Yamma: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini Bisau, Mali, Senegal da Togo. Babban bankinsu, BCEAO, sai a 1978 ya kwashe hedkwatarsa daga Paris zuwa Dakar, kuma yana da reshe a Maraɗi.

Shin ko kun san a dare ɗaya sefa ta rasa rabin darajarta? A Janairun 1994 faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Magani, taki da kayan gyaran mota suka yi tsada nan take, yayin da dabbobi da waken Nijar suka yi wa baƙin masaya araha. Tun 1999 an ɗaure ta da yuro, kowane ɗaya sefa 655.957.

Wannan ɗauri shi ne abin da ya fi cancantar muhawarar ɗalibai a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankolodo ta Maraɗi. Ribarsa a fili take: farashi ba ya gudu irin na maƙwabta, domin burin BCEAO shi ne hauhawar ta tsaya tsakanin kashi 1 da 3 cikin ɗari. Amma ƙasar da ta ɗaure kuɗinta ta sallama wani makami. In fari ya cinye geron Mayahi alhali koko na ciniki a Abijan, kuɗin ruwa ɗaya za a yanka wa duka biyun. Daga kashi 2 a 2020 bankin ya ɗaga shi har 3.5 a ƙarshen 2023, don ƙasashe takwas gaba ɗaya. A ganina mai yabon sefa da mai kushe ta kowa ya riƙe rabin gaskiya, kuma aikin ɗalibi ne ya auna su da alƙaluma.

Shin ko kun san naira ta fi shawarar Dakar saurin isa kasuwar Tasawa? Wake, awaki da raguna Najeriya suke nufa, ta Jibiya da Katsina. Da aka saki naira a Yunin 2023, ta faɗi daga kusan 460 a dala ɗaya ta Amurka zuwa sama da 1,500 a 2024. Kayan Kano suka yi wa mai sefa sauƙi, amma ragon Mayahi ya yi wa Bakano tsada. Ɗan canji a bakin tasha ya riga kowane littafi sanin haka.

Shin ko kun san tsarin asusun mata da ya bazu a ƙasashe da dama a jihar Maraɗi aka haife shi? A 1991 ƙungiyar CARE ta kafa Mata Masu Dubara bisa adashin da aka gada. Mata na zuba ɗan abin da ya sawwaƙa duk mako, su ranta wa junansu, a raba uwa da riba in shekara ta kewayo. Tara ajiya, ba da rance, tantance wanda zai iya biya: aikin banki ke nan cif, a ƙauyukan da babu reshen banki ko ɗaya.

Haka ma jinginar amfanin gona. Manoma kan kulle hatsi a sito da kaka, lokacin da tiya ta faɗi, su karɓi rance a kansa, su sayar da bazara in ta tashi.

Shin ko kun san doka ta yi wa kuɗin ruwa iyaka? A 2014 an tsayar da kashi 15 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun rance. Talaka ne ke biyan mafi tsada, saboda bin ƙananan basussuka ƙauye-ƙauye yana cin kuɗi.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuwa, takunkumi ya toshe asusun gwamnatin Nijar a BCEAO, bankuna suka taƙaita abin da mutum zai cira, har aka ɗage shi ran 24 ga Fabrairun 2024.