Ƙidayar Tsallake, Ƙofar Ilmin Hisabi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana malamai da attajirai, ina jan hankalinku ga wani abu da muke rainawa, alhali shi ne ƙofar ilmin hisabi, wato koya wa yaro ƙidayar tsallake: biyu, huɗu, shida, ko kuwa biyar, goma, sha biyar. Waɗansunmu suna zaton dabarar boko ce. Ko kusa, gadon iyayenmu ne.

Zamanin da wuri yake kuɗi, ba mai ƙidaya shi ɗai-ɗai. Bature Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya rubuta yadda Hausawa suke jan wuri biyar-biyar, suna tara shi tsibi-tsibi na 200 ko na 1,000. Wuri 20 shi ne hauya, 20,000 kuwa keso.

Littattafanmu ma haka suka zo. Duba zakkar raƙuma cikin Risala: raƙuma 5 akuya ɗaya, 10 biyu, 15 uku, 20 huɗu. Alƙur'ani mai girma izu 60 ne, kowane izu sumuni 8. Wanda ya iya cewa takwas, sha shida, ashirin da huɗu, zai kai 480 ba da wahala ba. Nan unguwarmu Shahuci aka buɗe makarantar koyon alƙalanci a 1928, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. To, ina alƙalin da zai raba gado bai san hisabi ba?

Ga yadda nake yi da almajiraina. Ba na fara tsallake sai yaro ya iya ƙidaya ɗai-ɗai har 20. Sa'an nan in tara takalman da ke bakin zaure, ya ƙidaya su biyu-biyu. In wannan ya zauna, sai yara su ɗaga hannuwa, ya bi yatsu biyar-biyar. Daga nan in zube ƙwallon dabino, ya kasa su goma-goma da hannunsa. Sai bayan duk wannan ya rubuta lambobin a allo.

Amma a yi hattara da karatun aku. Na taɓa samun yaro yana rera biyar-biyar har 100 kamar ruwa. Na ajiye masa kashi huɗu, na ce nawa ne? Ya yi shiru. Laifina ne, don bakinsa na koyar, ban koyar da idonsa ba.

Ya ku malamai, almajirin da ya sauke amma a cuce shi wajen canji, mu muka gaza masa. Ku kuma attajirai, ku riƙa sa 'ya'yanku ƙidayar kaya a rumfa.

Allah Ya sa mu dace, amin. Haza wasalam.