*KULLUTUN KITSE A HANNU: WANI LOKACIN YAKAN DANNE JIJIYA*



Akwai wani kullutu da kan fito a ƙarƙashin fata, mai laushi, in ka taɓa yana zillewa, kuma ba ya ciwo. Likitoci na kiransa lifoma. Tarin kitse ne kawai, ba ciwon daji ba ne, kuma an fi ganinsa ga masu shekara 40 zuwa 60. Mafi yawansu ba sa buƙatar komai.

Matsalar ita ce idan ya fito can ciki, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Wajen matsattse ne, jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsu ta nan suke ratsawa cikin tsoka. Yana girma yana danne su, kamar ka taka tiyon ruwa.

Akwai jijiyar da ke bi ta ƙasan gwiwar hannu kaɗan, aikinta miƙar da yatsu. In ita aka danne, mutum zai iya dunƙule hannu amma buɗewa ta gagara, yatsu su langaɓe, babban yatsa ya ƙi ɗaguwa. Abin mamaki, yana jin taɓi ras, don ita jijiyar motsi ce. Kuma sau da yawa kullutun ba ya ma bayyana daga waje. To a nan ne ake cewa shanyewar ɓarin jiki ce, ko jifa, ko shafar aljanu, a yi ta ɓata watanni. In kuma wata jijiyar ce, sai a riƙa jin minjirya ko mutuwar yatsu.

Don Allah kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a kafa ƙaho a kai. Jijiyar na manne da shi, aska na iya datse ta. Man zaitun da habbatussauda suna da amfaninsu, amma ba sa narkar da wannan kitsen. A yi addu'a, a kuma tafi asibiti.

Za a yi hoton sikanin ko MRI, a cire shi da tiyata, a biyo da gashi da motsa yatsu. Galibi ƙarfi na dawowa, sai dai da haƙuri: jijiyar da ta lalace tana tofowa ne kamar milimita 1 a rana. Tsokar da ta haura shekara ba saƙo kuwa, da wuya ta dawo daidai.

Kullutun da ya wuce santimita 5, ko mai tauri, mai zafi, ko mai saurin girma, wannan kam kada a jira yatsu su saki, a kai likita ya duba a makon nan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa.